Muhawara: shin rabi da sulusi biyu za su iya wuce dukiyar da ake rabawa?

Wata uwa, Zengo: Assalamu alaikum. An ba ɗana aikin gida cewa wani mutum ya yi alkawarin bai wa ƙanensa rabin jaka 210, ya kuma bai wa ƙanwarsa sulusi biyu na kuɗin, sai aka ce a faɗi jimillar. Ni a ganina tambayar ba ta inganta ba, domin kason da aka yanka daga abu ba zai taɓa fin abin yawa ba.

Ɗan kasuwa, Kasuwar Dole: Hajiya, a haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa: 1/2 da 2/3 su ba da 3/5, kuɗin ya isa har da saura.

Malamin lakwal, Birni: Alhaji, a gafarce ni, wannan hanya ba ta ɓullewa. Kashi 3/5 na jaka 210 shi ne jaka 126, alhali ƙanwar ita kaɗai tana da jaka 140, to yaya jimilla za ta gaza ɗaya daga cikin abubuwan da aka tara? Dole a mai da kason biyu sudusi-sudusi tukuna: rabi sudusi 3 ne, sulusi biyu sudusi 4 ne, jimilla 7/6, wato jaka 245. Mutumin ya yi alkawarin da ya wuce aljihunsa da jaka 35, kuma abin da ake so yaro ya gano ke nan.

Ɗalibin fiƙihu, Garin Malam: Malam ya yi gaskiya, kuma wannan lissafi yana zuwa a rabon gado. Idan mace ta rasu ba ɗa ba iyaye, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, miji yana da rabi, su kuma sulusi biyu, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 12 da ta 176. A zamanin Sayyidina Umar aka warware shi da auli: a raba dukiyar gida 7 maimakon 6. A jaka 210, miji ya samu 90, matan su samu 120, ragin ya taɓa kowa gwargwadon rabonsa.

Wata uwa, Zengo: Na gamsu da lissafin, Malam, amma ban janye ƙorafina duka ba. Yaron firamare da bai taɓa ganin kason da ya wuce ɗaya ba, kamata ya yi a auna masa da tiyar gero a gabansa kafin a ba shi irin wannan ya tafi da shi gida.