Wai zama da terafis ana ta magana shi zai cire wa mutum ciwon damuwa?

Shiru_ma_magana:

Salam 'yan uwa, dan Allah wanda ya san abin ya bani amsa tsakani da Allah. Kusan wata biyar kenan bana jin daɗin komai, bacci ya ɗauke ni da wuri amma ƙarfe uku na dare idona biyu har gari ya waye, ko waya aka kira ni sai na zuba mata ido har ta katse. Kuma ba wani abu ne ya same ni ba fa, shi ne ma ya fi damuna, ba rasuwa aka min ba, ban yi faɗa da kowa ba. Da ƙyar yayata ta ja ni wajen likita, aka gwada jinina komai lafiya, sai ya bani wata takarda mai tambayoyi tara na cike, ya yi min wasu tambayoyin da baki, ƙarshe yace ciwon damuwa ne, difireshon. Wai na dinga ganin terafis, mai yi wa mutum magani ta hanyar tattaunawa, sau ɗaya a sati.

To ni tambayata me zata gaya min wanda ban sani ba? Kowa ya ce min ki yi haƙuri, ki daina sa abu a ranki, akwai waɗanda suka fi ki shiga matsala. Na ji, na sani, ba abinda ya canza. In ita ma nasihar zata yi min ai gara a bani ƙwaya na sha kawai.

Mai_haƙuri:

Allah ya baki lafiya 'yar uwa. Wlh kamar ni na rubuta wannan shekara biyu da suka wuce, har tashin ƙarfe ukun. Nima da haushi na je zaman farko ina jiran a fara min wa'azi, sai naga matar ko sau ɗaya bata ce min na yi haƙuri ba, tambaya kawai take.

Bari na baki misali ɗaya ki gane. Na gaya mata na tura wa ƙawata saƙo ta karanta bata amsa ba, na wuni a kwance ina kuka. Sai ta ɗauko takarda ta ja layi ta raba ta gida uku, tace gidan farko rubuta abinda ya faru, na rubuta "bata amsa ba". Gida na biyu me ya zo miki a rai a daidai lokacin, na rubuta "ta gaji da ni, kowa ya gaji da ni". Gida na uku mene hujjarki. Na riƙe biro na fi minti biyu. Hujjar kawai bata amsa ba, shikenan! Sai tace ke kin taɓa karanta saƙon wani baki amsa ba? Ni da nake da saƙo ya fi talatin a wayata ban amsa ba, kuma ba wanda na gaji da shi a cikinsu. Dariya ce ta kama ni ina hawaye.

Ba wai ranar na warke ba fa, ina. Amma ranar na fara gane cewa tsakanin abinda ya faru da yadda na ji akwai wata magana da zuciyata ke saurin sakawa, ni kuma ina ɗaukarta gaskiya ba tare da na bincika ba. Kullum da aikin gida nake dawowa, ki cike takardar nan duk sanda ranki ya ɓaci. Wani satin na yi wani satin na je hannu rabbana, bata taɓa min faɗa ba sai dai mu duba me ya hana.

Abinda ya fi bani wahala kuma ya fi min amfani shi ne da tace na daina jiran sai na ji sha'awar abu kafin na yi shi, wai a wannan ciwon aikin ne ke fara zuwa sannan sha'awar ta biyo baya. Da tafiyar minti goma muka fara. Na raina abin sosai gsky, amma ita ta fara fito da ni daga ɗaki.

Ɗalibin_saikoloji:

Abinda Mai_haƙuri ta kwatanta shi ake kira CBT, wato terafin gyara tunani da ɗabi'a. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Aaron Beck, shi ya kafa hanyar a shekarun 1960, bayan ya lura masu wannan ciwon tunaninsu na karkata ta wuri uku: suna ganin kansu ba su da amfani, duniya ta juya musu baya, gaba kuma ba alheri. Ana yawan yin zama 12 zuwa 20, kowanne wajen minti 50. Akwai kuma wata hanyar terafi, IPT, da ta fi maida hankali kan alaƙarki da mutane, rashi, saɓani, ko wani babban sauyi kamar haihuwa ko rabuwa, ita kuma sati 12 zuwa 16 ake yi yawanci.

Takardar da kika cike inaga PHQ-9 ce, makinta daga 0 ne zuwa 27, kuma za su iya sake baki nan gaba a ga ko makin na sauka, hakan na da amfani don sau da yawa mai damuwa baya saurin lura cewa ya fara samun sauƙi. Batun ba abinda ya same ki kuwa kar ya dame ki, ciwon baya jiran dalili, gado da yanayin jiki da gajiyar da ta daɗe tana taruwa duk suna da hannu. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 280 ke fama da shi, kuma ya fi yawa a mata.

Ƙwaya da terafi ba kishiyoyi bane. In ciwon ya yi tsanani an fi son a haɗa biyun. Fifikon terafi shi ne abinda kika koya yana nan tare da ke bayan an gama, shi yasa yake rage yiwuwar ciwon ya dawo.

Baƙon_dare:

Ni dai zan ɗan saɓa muku kaɗan. Terafis ɗina na farko ɓata min lokaci kawai ya yi, zama biyar ina ta zuba shi yana gyaɗa kai yana kallon agogo, ba tsari ba komai. Na daina zuwa na ce duk ƙarya ce, na ƙara shekara guda ina fama. Sai da aka ɗora ni kan sertraline, wata ƙwayar maganin ciwon damuwa, wajen sati huɗu kafin na fara jin bambanci, sannan ne ma na samu ƙarfin zama da wani daban, shi kam ya san aikinsa. Lokacin da ko wanka sai na yi da gaske wa zai ce min na cike takarda? Don haka ƙanwata in baki ji daɗin ta farko ba ki nemi a canza miki, ba laifi bane. In kuma aka baki magani kar ki yanke shi da kanki don kin ji sauƙi, ni na yi, jiri da rashin bacci suka kusa zautar da ni, a hankali likita ke rage shi.

Sannan in tunanin cutar da kanki ko na mutuwa ya fara zuwa miki, wannan ba na jiran ranar zama bane, ki gaya wa yayarki a kai ki asibiti a ranar.

Shiru_ma_magana:

Na gode sosai, Allah ya saka. Yaya Baƙon_dare alhamdulillah ban kai nan ba, amma na riƙe. Anti Mai_haƙuri abinda ke bani tsoro shi ne na je na zauna na rasa me zan ce, ko kuka ya ƙwace min gaban wadda ban sani ba.

Mai_haƙuri:

Ai kukan sun saba da shi, tishu na nan kan tebur tun kafin ki shiga. Zaman farko ita zata ja maganar, baccinki, cin abincinki, yaushe abin ya fara. In kina tsoron mantuwa ki buɗe wayarki ki karanta mata abinda kika rubuta mana a sama yadda yake, har wajen da kika ce gara a baki ƙwaya. Wace rana aka baki?

Shiru_ma_magana:

Laraba ƙarfe goma. Yayata tace zata raka ni ta jira a waje.