Ido ko takarda: da wanne ɗalibi zai fara binciken gini?

Malamar rubutu:
Assalamu alaikum. Ga abin da na yanke kan aikin wannan zango, na kuma san ba kowa zai ji daɗinsa ba. Kowane ɗalibi zai zaɓi wuri ɗaya da hannun ɗan'adam ya gina, ko mararraba, ko farfajiyar wani bene, ko tashar mota, ya rubuta shafi 8 a kansa. Sharaɗin shi ne, makon farko babu laburare, babu intanet. Daga littafin rubutu sai biro sai agogo. Ya je ya zauna sau uku, awa ɗai-ɗai, a lokuta daban-daban. A ganina binciken gini da ido ake yin sa, takardu 'yan rakiya ne. Na gaji da karanta maƙala a kan titin da mai ita bai taɓa taka shi ba.

Mai kula da laburare:
Wa alaikumus salam. 'Yan rakiya fa kika ce, Malama? To mu tattara mu rufe ke nan.

Malamar rubutu:
Allah ya ba ka haƙuri, Malam, ba kai nake nufi ba. Amma dubi William Whyte, wani Ba'amurke mai nazarin rayuwar birane. Wajen 1970 ya girke kyamarori a kan filayen da ke gaban dogayen benayen New York, suna ɗaukar hoto lokaci-lokaci, shi da mataimakansa suna ƙirga wa ya zauna, a ina, har tsawon wane lokaci. Masu zanen gini suna ta maganar kyan siffa da girman fili, shi kuwa abin da ya gano har kunyar faɗa yake da ita: mutane suna zama ne inda akwai wurin zama. Ya ga masu hira ba sa raɓewa gefe, a tsakiyar hanyar masu wucewa suke tsayawa. Ya ga mutum zai ja kujera ɗan taƙi kaɗan, wani lokaci ma ya maido ta inda take, sannan ya zauna. Wace takarda ce za ta gaya maka wannan? Kuma kallon nan bai tashi a banza ba. A 1975 birnin ya gyara dokar gini, ya wajabta wurin zama mai tsawon ƙafa 1 a kan kowane murabba'in ƙafa 30 na irin wannan fili. Gani ya kori ji.

Malamin tarihi:
Gani ya kori ji, gaskiya ne, amma bai kori tambaya ba. Ki tura ɗalibi wata unguwa a Amurka, ya zauna awa uku. Zai rubuta: babu bishiyoyi, kwalta da siminti ko'ina, zafi ya fi na unguwar da ke tsallaken babban titi. Duk daidai ne. Daga nan sai ya nemi dalili, kuma da yake ido kaɗai kika ba shi, abin da ke gabansa zai ɗora wa laifi, wato mazauna wurin. Ba sa shuka, ba sa kula. Alhali tsakanin 1935 da 1940 wata hukumar lamunin gidaje ta gwamnatin tarayya ta zana taswirar birane sama da 200, ta raba unguwanni gida huɗu: kore, shuɗi, rawaya, ja. Jan shi ne wanda aka ce ba da bashi a cikinsa haɗari ne, kuma takardun bayanin da ke tare da taswirorin sun rubuta launin fatar mazauna ƙarara a cikin dalilai. Jami'ar Richmond ta ɗora su a intanet, kowa na iya buɗewa. Wani bincike na 2020 a birane 108 ya nuna unguwannin da aka shafa wa ja sun fi koraye zafin ƙasa da kusan digiri 2.6 a ma'aunin Salsiyos. Masana na ta jayayya kan ko taswirorin ne suka jawo hakan ko kuwa sun rubuta wariyar da suka tarar ne kawai, kuma wannan jayayyar ma abin rubutu ce. Ruwa ba ya tsami banza, sai dai abin da ya tsamar da shi ba ya zaune a kan benci yana jiran ɗalibinki.

Ɗalibar aji biyu:
Malamai, ku gafarce ni in sa baki, don na yi wannan darasin bara. Na zaɓi gaban wani ginin ofisoshi. Akwai benci na ƙarfe mai mazauni uku, an sa masa madogarar hannu biyu a tsakiya. Na zana shi, na auna da tafin hannu, kowane mazauni taƙi biyu da ɗan wani abu. Cikin awa ɗaya mutum 11 suka zauna, ba wanda ya haura minti shida in ban da wani dattijo mai sanda. Na koma ɗaki na rubuta shafi biyu masu zafi: an sa ƙarafan ne don kada marasa matsuguni su kwanta. Aka maido mini da takardata, an ja layi da jan biro, an rubuta kalma uku a gefe: wa ya ce? Na rasa amsa. Abin da ya fi ba ni haushi, a cikin littafina na rubuta da hannuna cewa dattijon ya dafa ƙarfen da hannu biyu kafin ya iya miƙewa. Na gani, na rubuta, amma na tsallake shi saboda bai dace da labarin da nake so ba.

Malamin tarihi:
Kin ji ko, Malama? Shaida daga cikin gida.

Malamar rubutu:
Shaidata ce ai, ba taka ba. Idonta bai yi ƙarya ba, ya ga dattijon. Alƙalaminta ne ya yi gaba da ido. Ina zaton da karatu ta fara, shi ya sa ta je wurin da amsarta a aljihu. Yarinyata, ba karanta batun irin waɗannan bencina kika yi ba kafin ki je?

Ɗalibar aji biyu:
Na karanta, Malama. A daren da zan je ma.

Malamin zanen gini:
Na daɗe ina bin ku shiru. Ku biyun kuna magana kamar hanya biyu ce kawai, kun bar ta uku, wato bakin mutane. Kevin Lynch, masanin tsara birane, a aikinsa da ya fito a 1960, bai zauna yana ƙirga kawuna ba. Ya ce wa mazauna Boston da Jersey City da Los Angeles su zana masa garinsu da ka, su kwatanta masa hanyarsu ta zuwa aiki. Daga zanen nan ya fitar da abubuwa biyar da mutum ke riƙe gari da su a kansa: hanyoyi, iyakoki, unguwanni, mahaɗai, da alamomin da ake kwatance da su. Wannan ɗalibi zai iya yin sa da farar takarda da fensir. Sai dai ku san mutum nawa ya tambaya: 30 a Boston, 15-15 a sauran biyun, galibinsu ma'aikata masu rufin asiri. Shi da kansa ya amsa cewa sun yi kaɗan. To in Lynch ya yi wannan ikirari, ɗalibin da ya tambayi abokan ɗakinsa huɗu ba shi da izinin rubuta "mutane suna ganin".

Wanda nake so ku duba shi ne Donald Appleyard, shi ma masanin tsara birane ne. Tituna uku a San Francisco masu kama da juna, bambancinsu yawan motoci: kusan 2,000 a rana, 8,000, da 16,000. Ya ƙirga motocin, sannan ya shiga gidaje ya tambayi mutane abokansu nawa a layin. A titi mai ƙarancin motoci, kowa na da abokai kusan 3, a mai cunkoso kuwa ko 1 bai cika ba. Ƙidayar ita kaɗai lissafin injiniya ce, hirar ita kaɗai kuma ƙorafi ce. Da ya ɗora ɗaya kan ɗaya ne magana ta fito.

Mai kula da laburare:
Shekaru Appleyard ya yi yana wannan aiki. Namu suna da mako uku da wasu darussa biyar a wuya. Kuma kada mu manta, rubutu ake koya musu, ba tsara birane ba.

Malamar rubutu:
A nan gizo ke saƙa, Malam. Saboda darasin rubutu ne nake tura su waje. Ɗalibin da ya fara da littafi jimlolin littafi yake dawo mini da su: wuri ne mai muhimmanci ga al'umma, yana taka rawa wajen ci gaba. Wanda ya zauna awa ɗaya dole ya nemo kalmar abin da ke gabansa. Sai ya rubuta cewa an shimfiɗa hanyar siminti mai kusurwa, amma ƙafafu sun yanke ta cikin ciyawa har ƙasa ta fito, faɗin mutum ɗaya. Wannan jimla tasa ce, babu inda zai kwafo ta.

Na dai ji maganar benci. Zan ƙara abu ɗaya: kowane shafi a raba shi biyu da layi. Hagu, abin da na gani, da lokacinsa. Dama, abin da nake zato. Duk abin da ke dama ba ya shiga maƙala sai an samo masa takarda ko bakin wani.

Malamin tarihi:
Wato takardun sun tashi daga 'yan rakiya sun zama alƙalai. Na gode. Amma har yanzu ban yarda da kulle laburare mako guda ba. Ɗalibin da bai ga tsohuwar taswira ba, ba zai san cewa filin ajiye motocin da yake kallo layin gidaje ne a da ba. Ba zai ma san akwai abin dubawa ba. Ba a ganin abin da aka rushe.

Malamar rubutu:
Zai gani a mako na biyu, sannan ya koma zama na huɗu da taswirar a hannu. Na ƙara zama na huɗu ke nan, saboda kai.

Malamin zanen gini:
A kuma gaya musu batun hoto tun wuri. Gini a ɗauka, fuskar mutum a bari. Wanda za a yi hira da shi a gaya masa aikin makaranta ne, a nemi yardarsa, kada sunansa ya shiga takarda. Kuma kada kowa ya je zaman dare shi kaɗai.

Ɗalibar aji biyu:
Malama, in ɗalibi ya yi zaman huɗu, ya tona takardu, ya yi hira, amma bai samo wanda ya ce a sa ƙarafan ba fa? Ni har yau ban samo ba. Na rubuta wa masu kula da ginin sau biyu, shiru.

Malamar rubutu:
Sai ki rubuta hakan, da ranakun da kika aika. Ki sa dattijon, ki sa zatonki, ki kira kowanne da sunansa. Littafin naki yana nan?

Ɗalibar aji biyu:
Yana nan, ruwa ya ɗan taɓa shafi biyu.

Malamar rubutu:
Kawo shi ranar Litinin, da jan biron da komai. 'Yan bana za su fara da shi.

Mai kula da laburare:
Ni dai ranar Litinin ɗin ƙofata a buɗe take, duk wanda ya saci jiki ya shigo ba zan kai ƙararsa ba.