Wa ya san wasan labari na kan tebur a nan Sakkwato?

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah akwai wanda ya taɓa irin wasan nan da ake zagaye tebur mutum huɗu ko biyar, guda na jan labari, sauran kowa da mutumin da yake riƙe da shi cikin labarin? Watan jiya na je Abuja wani taron masu wasannin tebur, ina ta yawo tsakanin masu Whot da masu dara sai wani ya jawo ni teburinsu, wai Shadowrun suke yi. Wallahi ban taɓa ganin gamin gambiza irin wanga ba, labarin a garin Seattle na Amurka ne nan gaba, manyan kamfunna sun fi ƙarfin gwamnati, ga masu kutsen kwamfuta ga bindigogi, kuma wai sihiri ya dawo duniya, ga dodanni suna tuƙa mota suna neman na tuwo. Ni anka ba ni wata mai kutse, aikinmu mu sato faifai daga wani bene. Da na ce zan buɗe ƙofa sai mai jan labarin ya zubo min ƙwayoyin ludo cike da hannu ya ce jefa, duk wadda ta ba da 5 ko 6 ita ce ta ci. Biyu kacal sunka ci, ƙararrawa ta tashi, teburin ya kaure da ihu. Yanzu so nike in fara shi da abokai a nan gida, ta ina zan faro?

Arkilla04:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka fara da Shadowrun, zai kore maka mutane tun zaman farko. Tun 1989 anka fito da shi kuma har yau kukan da masu yin shi ke yi kenan, dokoki sun yi yawa, faɗa da nashi, kutse da nashi, sihiri da nashi, kafin mai kutse ya gama lissafi sauran sun koma latsa waya. Wancan da ya ja muku a Abuja ya riga ya haddace ne shi ya sa ka ga abin na tafiya sumul. Kai ɗauki ƙashin abin kawai, ƙwayoyi kaɗan, 5 da 6 nasara, takarda ɗaya kowa ya rubuta abu uku da mutuminsa ya iya. Shi kansa wasan Dungeons & Dragons da ya buɗe wannan harka a 1974 ƙananan littattafai uku ne cikin kwali.

'Yar Runjin Sambo:
Ni abin da ban gane ba mi za a je yi Seattle? Wa ya san titunansu cikinmu. Ka kawo labarin nan mana, Sakkwato bayan shekara hamsin, wani kamfani ya saye ruwan dam ɗin Goronyo yana sayar wa manoman albasa da mita, 'yan kabu-kabu na yawo da babura masu tashi, mai kutse na da shago a tsohuwar kasuwa, sannan ka sako Gizo a matsayin dillalin da ke ba da aiki, kowa ya san ƙarshenta sai ya cuce ku. Ko ƙanena na firamare ba sai an mai bayanin halin Gizo ba. Kuma a riƙa tunawa da mu mata in an tashi, ba a kai shi majalisar bakin titi ba inda ba mu iya zama.

Baban Yara:
Samari ku yi hankali da zancen ƙwayar nan. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ke hani ga wasan nardi, wani tsohon wasa na jefa ƙwaya, kuma malamai da yawa suna sa ludo a ciki ko da ba kuɗi. Ranar da mahaifin wani ya leƙo zaure ya iske ku kuna jefa ƙwaya ba zai tsaya jin cewa labari ne ba, caca zai ce. Ka tambayi malaminka tukun. Batun sihirin ma a rage shi.

Ɗan Mabera:
Na gode Baba, gaskiya shi ne abin da ya tsaya min tun a mota. To in an cire ƙwaya da mi za a yanke hukunci, ko mai jan labari ne zai zama alƙali shi kaɗai? Ai rigima za a yi.

Arkilla04:
Akwai waɗanda ba ƙwaya sam. Wani mai suna Dread da katakan Jenga ake yin shi, ƙananan katakai ne da ake jerawa bisa juna su yi gini mai tsawo, in za ka yi abu mai haɗari sai ka zaro guda, in ginin ya rushe a hannunka mutuminka ya fita daga labarin, kuma tsoron da ake ji lokacin da ginin ya fara rawa ya fi na jefa ƙwaya nesa ba kusa ba. Kafinta ma zai yanka maka su, guda 54 ne. Ni ina ciki in dai bayan la'asar ne ran Asabar, amma fa da labarin Goronyo, kuma ni zan riƙe ɗan kabu-kabu.