"Kowane gauta ja ne": mota ce ko direba a tseren Formula 1?

Malami daga Runjin Sambo:
Assalamu alaikum. Karin maganar da nake so mu duba yau ita ce, "Kowane gauta ja ne, sai dai in bai sha rana ba." Na ji wani matashi ya kawo ta a gardamar tseren motoci, yana nufin cewa tunda shida daga cikin kambun duniya bakwai na Lewis Hamilton a motar Mercedes ya same su, to duk wanda aka damƙa wa wannan mota zai yi abin da ya yi. Shin maganar ta sauka a muhallinta?

Makanike daga Gawon Nama:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ina ganin yaron bai kauce ba, domin wanda yake kwana cikin injin ya san cewa ƙwarewar direba ba ta ƙara wa mota ƙarfin da ba a ƙera ta da shi ba. Jenson Button ya shafe shekaru yana tsere da nasara ɗaya tak, amma da ya sami motar Brawn a 2009 sai ya lashe shida daga cikin tseren bakwai na farko, ya kuma ɗauki kambu. George Russell kuwa har zuwa 2020 ko maki ɗaya bai taɓa samu ba a ƙungiyar Williams, amma da Hamilton ya kamu da korona a ƙarshen 2020 aka ba shi motarsa a Baharen, shi ya riƙa jan gaba, har sai da ma'aikata suka rikita tayoyi, daga baya kuma taya ta yi faci, ya ƙare na tara. Wannan ai gauta ne da ya sha rana ta yini ɗaya ya nuna.

Dattijo daga Kanwuri:
Ɗana, misalanka gaskiya ne, amma ka ɗora wa karin maganar kayan da ba nata ba. Yadda muka tashi muka ji iyayenmu suna faɗinta, wurare biyu take da su. Ana faɗa wa wanda bai sami dama ba domin a kwantar masa da hankali, ana kuma faɗa wa mai alfahari domin ya tuna cewa akwai irinsa da yawa a ɓoye. Ban taɓa jin an ɗauke ta an rage wa gwani gwanintarsa da ita ba. Kuma kowace ƙungiya motoci biyu take fitarwa. Valtteri Bottas ya yi shekara biyar a Mercedes tare da Hamilton, ya ci tsere 10, bai ɗauki kambu ko ɗaya ba. A 2023 Max Verstappen ya ci tsere 19 cikin 22, abokin aikinsa Sergio Perez ya ci biyu. Rana ɗaya suka sha, me ya hana su yin ja iri ɗaya?

Manomi daga Kwalkwalawa:
Ranka ya daɗe, ni mai noman gautan ne a fadama, kuma abin da ka faɗa shi nake gani da idona. A reshe ɗaya za ka sami wanda ganye ya rufe yana nan kore shar, na sama kuma ya rine. Sai dai a cikin waɗanda suka sha ranar ma, wani yana fitowa da cika da sheƙi, wani kuma ya yamutse tun bai kai kasuwa ba, mai saye kuwa ba ya haɗa su kuɗi ɗaya.

Malama daga Mabera:
Ina goyon bayan Baba, kuma ina da ƙari. Ana gane babban direba a ranar da mota ba ta taimake shi ba. A Monako a 1984 Ayrton Senna, yana sabon shiga a ƙaramar ƙungiyar Toleman, ya tashi daga matsayi na 13 cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ya yi ta wuce manya har ya zo na biyu, yana matso Alain Prost, wanda ke kan gaba, lokacin da aka tsayar da tseren. Juan Manuel Fangio na Ajantina kuwa kambunsa biyar da ƙungiyoyi huɗu ya ɗauke su tsakanin 1951 da 1957, a zamanin da mutuwa a fagen tsere ba baƙon abu ba ce. Saboda haka ni ba na yarda a jera gwanaye da yawan kambu kawai, ko da yake na san magoya bayan Michael Schumacher, mai kambu bakwai da nasara 91, ba za su ji daɗin wannan ba.

Makanike daga Gawon Nama:
Malama, Fangio da kika ambata ai inda mota mafi kyau take can yake komawa. Dubi Fernando Alonso, zakaran 2005 da 2006: daga 2015 zuwa 2017 yana McLaren da injin Honda, ko sau ɗaya bai shiga ukun farko ba, alhali babu mai cewa hannunsa ya mutu. Na yarda da Baba cewa abokan aiki ba sa zama ɗaya, amma ba zan janye cewa inuwa tana ɓoye gwani ba.

Dattijo daga Kanwuri:
A kan Alonso ba mu da saɓani, nan ne ma maganar take zama daidai, domin tausaya masa aka yi da ita. Abin da na ƙi shi ne a juya ta a kan Hamilton.

Ɗalibi daga Arkilla:
Iyayena, ku ba ni dama in kai ta wani wuri. Tun 1993, lokacin tseren Kyalami na Afirka ta Kudu, ba a sake kawo gasar nan nahiyarmu ba, kuma Jody Scheckter, zakaran 1979, shi kaɗai ne ɗan Afirka da ya taɓa ɗaukar kambun. Direbobin yau tun suna yara suke fara tseren ƙananan motoci, abin da ke cin kuɗi mai yawa, har an san mahaifin Hamilton ya haɗa ayyuka da dama domin ya riƙe ɗansa a ciki. Yaro a Sakkwato ba shi da fage, ba shi da motar koyo, ba shi da mai ɗaukar nauyinsa. Baba, idan na faɗi karin maganar a kan irin wannan yaro, na yi amfani da ita yadda kuka gada?