Tayarod da hannun sitiyarin tsohuwar Hilux sun kafe, ina neman shawara

Mai akori-kura, Ringim:
Assalamu alaikum iyayen gida. Ina da Hilux 'yar 1993 mai injin dizal, ba fowil ba ce, da ita ake kai gero da riɗi kasuwa. Sitiyarinta ya yi sako-sako, tayoyin gaba suna cinyewa ta ciki. Mun sayo tayarod huɗu (ƙarafan da ke kai juyin sitiyari ga taya), boljoyin sama da ƙasa (gaɓoɓin da taya ke juyawa a kansu), da dirof-am (hannun da ke jikin akwatin sitiyari) a Ƙofar Ruwa, amma tun jiya aiki ya tsaya. Tayarod na hagu notinsa ya fita, sandarsa ta ƙi zarewa, yaron gareji ya yi ta dukan kanta har ya baje. Na dama notin yana juyawa tare da sandar. Bututun da ake saita taya da shi ya kafe, dirof-am kuwa ko motsi. Mai walda ya ce a kawo ya sa wa duka wuta. In yarda? So nake ta je Maigatari ranar Alhamis.

Bakanike, Gumel:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ka fara hana yaron nan dukan kan sanda. Ba tsatsa ce ta riƙe ta ba. Sandar tayarod tsukakkiya ce, siririya daga sama, mai kauri daga ƙasa, ramin da take shiga shi ma haka aka fafe shi. Da an ɗaure noti sai su cije juna kamar ƙota da ruwan gatari. Dukan kai ba ya sakin wannan cizon, sai dai ya baje ƙarfen.

Gefen ramin ake duka. A juya sitiyari yadda hannun da ke jikin hob, wato inda ake ɗaura taya, zai fito sarari. Mutum ɗaya ya dafe bayan ramin da babbar guduma, kamar mai kilo 2, ɗayan ya doki ɗaya gefen da guduma mai kilo 1, duka mai kaifi, daidai inda sandar ta ratsa. Ramin yana ɗan matsewa na ƙiftawar ido, sai ya tofo sandar. Yawanci duka uku zuwa goma ya isa. In aka danna tayarod ɗin da ƙarfen cire taya ana dukan, ya fi saurin saki. Shi na hagun, tunda kansa ya riga ya baje, a goge bajewar da giranda ko zarto tukuna, in ba haka ba ko ya saki ba zai wuce ramin ba. Sauran kuwa a bar noti a kansu, a kwance shi ya yi daidai da bakin sanda, don kada abu ya faɗo wa mutum a ƙafa.

Na daman da ke juyawa albishir ne, ya riga ya saki. A sa jak a danna bayan tayarod ɗin yadda sandar za ta koma ta cije raminta, sai notin ya kwance. Inda jak ba zai shiga ba, babbar filaya mai kullewa tana yi. In guntun fin ne, wato siririn ƙarfen da ke hana noti kwancewa, ya maƙale a ciki, a yanke shi daidai da noti, ƙarfin sufana zai datse ragowar.

Mai walda, Kazaure:
Oga ya yi bayani. Maganar wuta kuma, Alhaji, kada ka yarda a sa wa duka. Boljoyin da kan tayarod rufaffu ne, da giris a ciki, in suka yi zafi suna iya fashewa su watso wa mutum a fuska. Hannun da ke jikin hob kuma in aka gasa shi ya yi ja, ƙarfinsa ya canza, ido ba zai gane ba. Wurare biyu kawai na yarda da wuta: noti da ya kafe, da bututun saiti, shi ma bayan an sauko da shi daga mota.

Bakanike, Haɗejiya:
Bututun nan shi ya fi cin lokaci, bari in tsaya a kansa. Kafin komai a auna tsawon tayarod ɗin gaba ɗaya da tef, daga tsakiyar wannan kai zuwa tsakiyar wancan, a rubuta, hagu daban dama daban. Ƙirga zagaye kawai ba ya wadatarwa, don sabon kaya ba lallai tsawonsa ya zo ɗaya da tsohon ba.

A ɗaure shi a bais, wato matsin ƙarfen da ke kan teburin aiki, a kwance maƙalai biyun a ja su gefe. Bututun yana da tsaga a kowane baki. A kankare ta da buroshin waya, a ɗan buɗa ta da kurfi, a ɗura mai ta nan. WD-40 yana yi, in babu a haɗa man giya na otomatik da kananzir rabi da rabi. A ɗora bututun a kan ƙarfe a bubbuga kewayensa da ƙaramar guduma don tsatsar ta farfashe, a sake ɗura mai, a bar shi ya kwana. Gaggawa a nan ba ta da amfani.

Kuskure biyu ake yi. Na farko, kai ɗaya zarensa na hagu ne, wato yadda ake kwance noti shi ɗaurewa yake yi. A duba kwanciyar zaren kafin a sa ƙarfi. Na biyu, kama bututun da sufanar famfo a kan tsagar: tana ƙara matse shi ne a jikin zaren. A tsakiya ake kamawa. A riƙa juyawa gaba kaɗan, baya kaɗan. In ya fito ka ga zaren ciki ya cinye ko bututun ya lanƙwashe, sayi wani, kada a yi masa walda.

Mai akori-kura, Ringim:
Allah Ya saka da alheri. To dirof-am fa, Malam? Ba mu da fula, wato ƙarfen da ake janyo shi da shi, a garejin.

Bakanike, Gumel:
A aro fula, Alhaji, ko da kuɗi ne. Dirof-am yana zaune a kan haƙora tsukakku na sandar akwatin sitiyari, an ɗaure shi da ƙarfin da ya kai wajen Nm 177, guduma kaɗai ba ta sauko da shi. Kada a cusa kurfi ko ƙarfe mai baki biyu tsakaninsa da akwatin sitiyari, kada kuma a doki sandar ta ƙasa. Dukan yana tafiya kai tsaye cikin akwatin, ya lalata boris da sil, ka tashi da yoyon mai da sitiyari mai tauri. Wuta ma sil ɗin take ƙonawa.

A daidaita tayoyi, a yi alama a bakin sanda da jikin hannun, a kwance noti a bar shi a zare uku ko huɗu. A ɗaure fula ta yi tauri, a doki gefen hannun, a ƙara ɗaurewa, a bar ta minti 10, a sake. Da ƙara yake saki. In ya gagara, tunda sabo ne zai hau, a tsaga tsohon da giranda a tsaye har ya kusa haƙora, a tsaya, a ƙarasa da kurfi. Kada dutsen ya taɓa sandar.

Tsohon direba, Birnin Kudu:
Ɗana, abin da ba a faɗa ba shi ya fi ba ni tsoro. Wannan motar ba sifirin mai naɗi gare ta a gaba ba, doguwar sandar ƙarfe ce mai murɗewa da ake kira toshon-ba, kuma a irin taka a hannun ƙasa take. Tana ɗauke da ƙarfi ko mota na sama. Kafin a saki boljoyin ƙasa a tokare hannun da jak, bayan ya saki a sauke a hankali. Ita kanta motar a ɗora shasinta a kan tsayayyen ƙarfe ko kututture mai kauri, ba bulon siminti ba, yana rugujewa ba sallama. A ƙasa mai yashi a shimfiɗa katako a ƙarƙashin jak.

Bakanike, Haɗejiya:
Gaskiyar Baba. Wajen mayarwa kuma: sanda da raminta a goge su tas, a bushe, ba giris. Giris a zaren bututu ake shafa shi, don wanda zai kwance gaba. In ramin fin bai zo daidai da tsagar noti ba, a ƙara ɗaurewa har ya zo, ba a komawa baya. Sabon fin za a sa, ba ƙusa ba. A girgiza hannun da ke ɓangaren da ba akwatin sitiyari, wanda ke riƙe doguwar sandar tsakiya, in bushinsa ya mutu sitiyari zai ci gaba da wasa ko da sabon kaya.

Bayan an sauke mota a tura ta gaba kaɗan a wuri shimfiɗaɗɗe, a auna tsakanin tayoyin biyu ta gaba da ta baya, daidai tsayin hob. Na gaba ya gaza na baya da kamar milimita 2. Wannan zai kai ka wurin masu alaimen a Kano ko Dutse, kuma ka je kafin ka yi lodin Alhamis.