Saura sati 6 mu tashi, in kai kayan gidana gwanjo?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. An yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa nesa, kuma gidan da za mu shiga ɗaki biyu ne kacal. Da muka ji kuɗin motar da za ta kwashi kayanmu, sai muka ga gara mu rabu da su. Akwai kujerun falo, gado biyu, teburin cin abinci mai kujeru 6, firji, injin wanki, kafet, ga tarkacen kicin. Sai keken ɗinkin mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta. Sati biyu ke nan da na sa hotunansu a Facebook, kafet kawai na sayar, sauran masu tambaya sai su ce suna nan tafe, shiru kake ji. Shi ne wata maƙwabciyata ta ce in gwada gwanjo. Tsorona kar a yi wa kayana tayin wulaƙanci ina ji ina gani. Wanda ya taɓa yi don Allah ya ba ni shawara.

Tsohon Dillali:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tsoronki yana kan hanya, don a gwanjo duk wanda ya fi tayi shi ke ɗauka, ko da tayin bai kai rabin darajar kayan ba. Maganinsa ki yanke wa manyan kayan farashin da ba za a sallama ƙasa da shi ba, a rubuta a takarda tun kafin ranar. Amma kar ki yi wa kowane kaya haka. Idan tayi bai kai ba kayan zai dawo hannunki, wasu masu gwanjon ma sai sun caje ki kuɗin wahala, ke kuwa lokaci ne ba ki da shi.

Kafin ki sa hannu ki tambayi la'adarsu kashi nawa ce cikin ɗari, wa zai biya kuɗin dako, kuma yaushe kuɗinki zai shigo, don akwai masu riƙewa sai bayan makonni. Wasu kuma suna ɗora wa mai saye wani kaso a kan tayinsa. Mai saye ya san da haka, saboda haka yakan rage tayin, ƙarshe dai a jikinki zai fita.

Uwar Gida:
'Yar uwa, bara na yi wannan, har yanzu ina tuna ranar. A cikin gidan aka yi namu, abin da ya hutar da ni jigila. Firjina na bar shi a kunne tun dare, na sa robar ruwa a ciki. Wani mutum ya buɗe ya taɓa ƙanƙarar, nan take ya fara tayi, wasu biyu suka biyo shi, ya tashi fiye da yadda na zata. Teburina kuwa, da na fi ji da shi, mutum ɗaya ne ya taya, aka sallama masa a haka saboda ban yanke masa farashi ba. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Ƙananan kaya ki haɗa su kwali-kwali, tukwane wuri ɗaya, labulaye wuri ɗaya, babu mai tsayawa tayin ludayi guda. Katifa kar ki sa rai, mutane ba sa son wadda aka kwanta a kai, kyautar da ita ya fi. Sannan ki zazzage kowace durowa da hannunki. Takardar haihuwar ɗana a ƙarƙashin jaridar da na shimfiɗa cikin durowar gado take, Allah Ya sa wanda ya saya mutumin kirki ne ya dawo mini da ita.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Malam, wace rana ta fi dacewa? Maigidan yana cewa a bari sai jajibirin tafiya don kar mu kwana a ƙasa. Keken kuma fa, nawa kake ganin zan yanke masa?

Tsohon Dillali:
Ki roƙi maigida a yi shi saura sati biyu. Masu saye suna buƙatar kwanakin zuwa kwashewa, wani ma zai taya ya kasa biya, sai an sake neman mai so. Idan dillalai suka gane gobe za ku tashi, suna iya haɗa baki su ƙi ɗaga tayi, na sha gani da idona. Ku riƙe katifu da tukunya biyu, za su kai ku ranar.

Keken kuwa, Hajiya, ban ga dalilin kai shi ba. Tsofaffin kekunan ɗinki suna da yawa a gwanjo, abin da za a ba ki ba zai taka kara ya karya ba. Kan keken yana kwancuwa daga teburinsa. Ki cire bel ɗin, ki sa a kwance miki shi, ki naɗe shi da bargo, zai shiga bayan mota tare da akwatunanku.