Me za mu kira siffar "ellipse" da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koya wa wasu matasa a Garun Malam sarrafa hoto da OpenCV, wata manhajar kwamfuta ta aiki da hotuna. Mukan ɗauki hoton tumatirin noman rani na Kadawa, mu sa kwamfuta ta zagaye kowanne da layi. Tumatirin nan ba zagayayye ba ne sosai, shi ya sa umarnin cv2.ellipse, mai zana siffar "ellipse", muke kira. Kalmar da'ira muna da ita, kusurwa ma haka. Wannan siffar ce ba ta da suna a bakinmu. A taimaka.

Daga Ringim: Malam, ai siffar ƙwai ce. Kowa zai gane.

Malamin lissafi, Bichi: A'a ƙanena. Ƙwai kansa ɗaya ya fi ɗaya tsini. Ita kuwa in ka ninke ta biyu, ta tsawo ko ta faɗi, ɓangarorin sai su hau juna daidai. Ni doguwar da'ira nake ce wa ɗalibaina.

Mai tambaya: Allah ya ƙara basira, Malam. Doguwar da'ira ta kusa, amma raina ya fi kwanciya da "matsattsiyar da'ira", kuma aikin ne ya nuna mini haka.

Umarnin yana karɓar tsakiya, da rabin tsawo da rabin faɗi, da kusurwar da za a juya siffar gaba ɗaya, sannan kusurwar farawa da ta tsayawa. Daga 0 zuwa 360 siffa ta cika. Daga 0 zuwa 180 rabi ne, kuma rabin ƙasa, domin a hoto lambobin y, masu auna sama da ƙasa, ƙaruwa suke in ana sauka, sai digiri su bi hannun agogo.

Ga inda yara ke ruɗewa. A ce rabin tsawo 100 ne, rabin faɗi 50, ka ce layi ya tsaya a digiri 45. In ka auna daga tsakiya, kusan digiri 27 za ka tarar. Ba kuskuren kwamfuta ba ne: a kan cikakkiyar da'ira ta lissafa 45 ɗin, sannan ta matse ta daga sama da ƙasa. Yaron da ya ji "matsattsiya" tun farko ya riga ya san dalilin. Ina so sunan ya riƙa koyarwa ko ba malami a kusa.

Malamin lissafi, Bichi: Na gamsu. To guntun layin da ke lanƙwasa tsakanin kusurwoyi biyun fa?

Wata malama daga Kazaure: Baka mana, Malam. Wanda ya san baka da kibiya ba ya buƙatar bayani. Bakan da'ira, bakan matsattsiyar da'ira.

Mai tambaya: Baka ya zauna, Malama, mun gode. Saura layukan nan biyu, na tsawo da na faɗi, da suka giciye a tsakiya. Ina ganin dogon giciye da gajeren giciye. Mai wata kalmar da ta fi ya kawo.